Kyamarar karkatar haske mai sansa IMX250MZR, yadda na same ta a hazon Zariya

Salam 'yan uwa, masu tambayata kan kyamarar nan da muke aiki da ita, ga abin da na gani.

Sansan ciki na Sony ne, megafiksel 5, baƙi da fari, amma kowane fiksel akwai 'yar filta a kansa, an jera su huɗu huɗu, digiri 0, 45, 90 da 135, hoto ɗaya zaka ɗauka ka san ta inda hasken ya karkata (abin da ake kira polarization, wato ɓangaren da igiyar hasken ke kaɗawa), ba sai kana murza gilashi da hannu irin CPL, filtar rage sheƙi da masu hoton biki ke ɗaurawa a gaban lens, ba. Kuma wannan shi ne babban abin ga mai tunanin ƙaramin tauraron ɗan adam, don abu ne mai gudun sama da kilomita 7 a sakan ɗaya, kafin ka juya filta wurin da kake kallo ya wuce. A cikin na'urorin da suka auna karkatar haske daga sararin samaniya, POLDER na Faransa faifan filta mai juyawa gare shi, HARP na Amurka kuma, CubeSat (ɗan ƙaramin tauraron ɗan adam) ɗin da aka saki daga tashar sararin samaniya ta ISS a 2020, firizam ne ke raba hasken zuwa sansa uku. Ita wannan kyamarar ba abin da ke motsi a cikinta, tafin hannu ma ya ishe ta.

Wallahi inda ta burge ni sama ne. Bayan ruwa ya ɗauke gari yayi garau, in ka ba rana kafaɗa ka ɗauki sama ta wajen dutsen Kufena zaka ga karkatar tayi ƙarfi sosai, amma da hunturu ya shigo ƙurar Bodele ta Chadi ta rufe Samaru sai adadin ya faɗi warwas, tun ido na ganin kamar hazon bai kai ya kawo ba ita ta riga ta nuna. A dam ɗin Kubanni ma ta ware sheƙin ruwa daban. Ƙurar nan da ke cika mana asibiti da masu tari da asma, ace yaranmu ne ke auna ta da kansu, abin nan yana cikin raina sosai.

Sai dai a sani, tunda fiksel huɗu ke haɗuwa su bada awo ɗaya, megafiksel 5 ɗin nan kusan kwata zaka mora, kuma bakin abubuwa yakan fito da karkatar ƙarya. Lens ma kansa yana taɓa awon, musamman mai faɗi, dole kayi kalibireshan, wato daidaita awon kowane fiksel, in ba haka ba lambobin ado ne kawai. Kuma don masana'antu aka yi ta, ba a gina ta don radiyeshan da zafi da sanyin sararin samaniya ba, kar wani ya ɗauka cusa ta zai yi a CubeSat shikenan.

Ga ɗalibin fiziks ko injiniya mai furojet, ku haɗa kuɗi a grup ku saya, dala ta yi tsada amma kyamarar ta ci kuɗinta. Ku haɗa da filta mai kyau guda ɗaya ta gwaji, kuma a fara awo tun Oktoba kafin hazo ya sauka don a samu abin kwatantawa.