Quaker Oats: mai faffaɗan ƙwaya ya yi, 'yan fakitin masu zaƙi kuwa da sake

Ana yawan sayen Quaker Oats da niyyar kare zuciya, kuma akwai hujja. Hatsin ot cikakke ne, ba a cire masa dusa ba, sannan yana ɗauke da wata faiba mai narkewa da ake kira beta-glukan. Ita ce yauƙin nan da ake gani idan ya dahu. A cikin hanji yauƙin yana riƙe ruwan maɗaciya ya fita da shi, sai hanta ta janyo kolestarol daga jini don ta haɗa sabo. Tun 1997 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince a rubuta wannan amfani a jikin kwali, bisa ma'aunin giram 3 na beta-glukan a rana.

A nan masu saye ke tuntuɓe. Rabin kofi, wato giram 40, bai kai giram 2 na beta-glukan ba. Sai an ci kusan giram 75 na busasshen hatsin kullum, makonni a jere, kafin mugun kolestarol na LDL ya sauka, shi ma da kimanin kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari. Ragi ne na gaske, amma ba ya maye gurbin maganin da likita ya rubuta.

Nau'in Old Fashioned, mai faffaɗan ƙwaya, shi ya fi cancanta. Kofi ɗaya na ruwa ga rabin kofin hatsi, minti 5 a wuta kaɗan ana juyawa. Yana narkewa a ciki a hankali. A ma'aunin saurin ɗaga sukarin jini yana wajen 55. Na 'yan fakiti da ake zuba wa ruwan zafi kawai an murƙushe shi sosai, irinsa kan kai wajen 79, kuma masu ɗanɗano da yawa sukarinsu ya haura giram 10 a fakiti guda, ga gishiri. Sauƙi dai akwai shi, sai dai an sarayar da wani ɓangare na amfanin.

A duba bayan kwali: kowane giram 10 na kabohaidiret ya zo da aƙalla giram 1 na faiba. Wanda bai saba ba ya fara da kaɗan, ya yawaita shan ruwa, in ba haka ba kumburin ciki zai sa ya daina tun makon farko. Kwano ɗaya giram 4 na faiba kawai yake bayarwa cikin giram 25 na kullum da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawara a 2023; sauran sai wake, ganye da 'ya'yan itace.