Gargaɗi: naira 340,000 na biya, aka aiko mini tayoyin da suka mutu tun da daɗewa

Na yi kwana uku ina saƙa da warwara kafin in rubuta wannan, domin kunya ta fi asarar ci mini rai. Naira 340,000 na tura wa wani mai sayar da taya da na samu a Facebook, kuɗin tayoyi huɗu na 'yar tirelar da nake ɗora jirgin ruwana mai inji, kowace ɗaya naira 85,000.

Ni ba yaro ba ne a wannan harka. Na shekara goma sha ɗaya ina jan jirgi daga bakin kogi a Yawuri, kuma na san tayar da ake shiga ruwa da ita, a fito a bar ta cikin rana wata da watanni, gefenta ne yake fara tsattsagewa tun zanenta bai cinye ba. Shi ya sa na nemi masu alamar ST, waɗanda aka yi domin tirela, masu ƙarfin gefe. Na kuma ce ya nuna mini lambar DOT, wadda lambobinta huɗu na ƙarshe suke faɗin mako da shekarar da aka ƙera taya. Ya kira ni ta bidiyo, ya kai kyamara dab da robar, na karanta 1824 da idona, wato mako na 18 na shekarar 2024. To ina sakacina yake?

Abin da har yanzu yake dawo mini shi ne lokacin da aka kira la'asar muna tsakiyar ciniki. Ya ce, "Alhaji, bari in yi salla tukuna, kuɗi ba su fi lahira ba." A nan zuciyata ta kwanta. Da ya dawo ban ƙara tayawa ba, na tura 340,000 cif, har na yi masa godiya.

Ta farko ta fashe ne tsakanin Yawuri da Koko, jirgin ya karkace sai da igiya ɗaya ta tsinke, kuma Allah ne kaɗai ya tsare mai babur ɗin da ke bayanmu. Kafin nan ma, ranar da na karɓo su a tasha, yaron mota ya ce mini, "Baba, waɗannan sun cika sheƙi," na kuwa daka masa tsawa. Mai facin da ya duba sauran ukun a Koko ya sa farce ya kankare wurin lambar, sai wata siririyar roba ta ɓare kamar ɓawon albasa, 1817 ta bayyana a ƙarƙashinta. Tayar 2017 ce aka shafe da baƙin mai har ya rufe tsagar da ke gefenta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta daɗe tana cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar ƙira, ni kuwa na ɗora jirgina da ran yarona a kan waɗannan.

Na kira shi, da farko ya ce iska na cika musu, daga baya ya ce direban tasha ne ya musanya, yanzu ya toshe lambata. Mutumin da ya bar ciniki ya tafi salla!

Hotunan hirarmu, da shaidar tura kuɗin, da bidiyon mai faci yana ɓare lambar, duk suna hannuna, zan ɗora su da zarar na gama shigar da ƙara. Kada ku sayi taya ta waya, kuma ku kankare lambar da farcenku kafin ku biya. Har da kuɗin tasha da na mai faci, abin ya haura 340,000 ɗin ma.