Wata huɗu da Kinect na hannu a falona

Hannun gem, wato abin da ake riƙewa ana dannawa a wasan bidiyo, na je nema ranar, don yara sun karya na biyun, kuma rigimar "ni ne yanzu" ta ishe ni. Mai shagon yana zazzage wani kwali sai ga wata baƙar sanda mai sheƙi, ta ɗan ɗara taƙi ɗaya, da idanu uku a gaba, tana zaune a kan 'yar ƙafa. Ya ce, "Alhaji, ɗauki wannan ka huta da sayen hannu. Jikinka shi ne hannun." Na ɗauka zaƙin bakin 'yan kasuwa ne, amma da na ji kuɗin bai taka kara ya karya ba, sai na ce a sa mini a leda.

Sunanta Kinect. Kamfanin Microsoft ya fito da ita a watan Nuwamban 2010 domin na'urarsa ta wasan bidiyo, Xbox 360, a kan dala 150. Ke nan tsohuwar aba ce, ta girmi biyu daga cikin 'ya'yana uku.

Ranar farko ko kunnuwa ba ta yi ba. Xbox ɗina tsohon samfuri ne, mai ƙibar nan, kuma shi sai da adaftar wuta ta daban yake ɗaukar Kinect. Siririn da ya fito a 2010 ne yake da ƙofarta a baya. Mai shagon ya san haka sarai, amma bai ce mini uffan ba. Da na koma washegari sai ya ce, "Ai ba ka tambaya ba, Alhaji," ya jawo adaftar daga ƙarƙashin kanta, ya yanka mata nata kuɗin. Na biya ina ƙunƙuni. Duk mai niyyar saye, ya duba bayan na'urarsa tun kafin ya bar gida.

Da aka jona ta, abin da ta fara yi shi ne ɗaga kai sama, ta sunkuyar da shi ƙasa a hankali kamar ƙadangare, tana neman inda daɓe yake. Akwai ɗan inji a wuyanta da ke yin wannan. Autata ta kwasa da gudu ta ɓuya bayan mamanta. Babban ya tsaya, ya ɗaga hannu ya kaɗa, sai ga hoton hannu ya bayyana a allon talabijin yana bin nasa duk inda ya kai shi. Falon ya yi tsit.

Ni mutum ne mai son sanin cikin abu, shi ya sa na bi diddigin idanun nan uku. Na tsakiya kyamara ce irin wadda muka sani. Na gefe ɗaya ba ya gani, fitila ce mai watsa dubban ɗigogin haske a cikin ɗaki, irin hasken da idon mutum ba ya kamawa, kamar na bakin rimot. Na ukun shi ke kallon ɗigogin. Idan suka sauka a bango can nesa, zamansu daban, idan suka sauka a ƙirjin yaro da ke kusa, sai su ɗan goce daga inda ya kamata su kasance. Da wannan gocewar take lissafa nisan kowane sashe na jiki, sau talatin a daƙiƙa ɗaya, sannan ta zana wa mutum ƙwarangwal mai gaɓoɓi 20. Mutum biyu take iya bi a tare. Na gwada haska kyamarar wayata a bakin fitilar cikin duhu, sai ga wani haske mai ruwan hoda yana ƙyalli, alhali da ido kusan ba ka ganin komai. Yara suka ce aljani ne, na ce lissafi ne.

To, a nan ne gidana ya fara nuna gazawarsa. Ana so mutum ya tsaya ƙafa shida daga gabanta, in su biyu ne ƙafa takwas. Falona na haya ne, kujeru sun cinye shi. Duk ranar da za a yi wasa sai an fitar da teburin tsakiya zuwa baranda, an tura doguwar kujera ta manne da bango, an naɗe darduma. Maman yara ta yi magana sau biyu, a na uku ta ce tunda abin ya zama haka, mai wasa shi ke share ƙurar da aka tono a ƙarƙashin kujera. Dokar tana nan har yau. Fanka ma sai an kashe, tun ranar da babban ya yi tsalle a wasan kwale-kwalen roba yatsunsa suka gaisa da ita.

Rana ita ma ba ƙawarta ba ce. Tagarmu gabas take kallo, kuma hasken rana cike yake da irin wancan hasken marar ganuwa, sai ya shanye ɗigogin. Da hantsi mutumin allo yakan rasa ƙafa ɗaya ko ya shiga karkarwa, amma ana sauke labule yake dawowa hayyacinsa. Da daddare kuwa, ko an kashe ƙwai tana bin jiki tsaf. Gane fuska ne kawai yake son haske, don shi da kyamarar tsakiya ake yinsa. Lokacin da ta fito an yi ce-ce-ku-ce a Amurka cewa ba ta gane baƙar fata sosai, wasu masu gwajin kaya suka ce matsalar ta ƙarancin haske ce. Mu dai a nan, in ƙwai yana kunne tana gane kowa.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci da babbar riga, yara suka matsa sai na yi dambe da babban. Na tsaya, na dunƙule hannu. Mutumin allo ya zama wani abu kamar jemage, hannu ɗaya ya lanƙwashe ta baya, gwiwa ta hau ciki. Laifin rigar ne, don na'urar siffar jiki take nema, ni kuwa na kawo mata tanti. Na tuɓe na koma 'yar shara da wando, yaron ya ba ni kashi a zagaye na biyu. Haka dogon hijabi yake yi mata: har sai hannu ya fito fili take ganinsa.

Abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba shi ne Hajiya. Mahaifiyata ba ta taɓa riƙe hannun gem ba, rimot ma jikoki take miƙa wa. Ta zo mana kwana uku, tana zaune tana kallon yara suna wasan mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe, wanda ke cikin faifan Kinect Sports. Autar ta ce, "Hajiya, ki zo ki gwada." Ta ce, "Ke tafi can, me zan danna?" Aka ce ba a danna komai, jifa kawai za ki yi kamar kina watsa wa kaji tsaba. Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zani, ta ja hannu baya ta saki. Kwalabe takwas suka zube. Ta dube ni ta ce, "Kai, ashe abin nan yana da hankali." Sai da aka kira la'asar ta zauna.

Wannan sauƙin ne ya sa aka yi rububinta da fari, har aka sayar da miliyan takwas cikin kwana 60, ta shiga kundin bajinta na duniya na Guinness. Daga baya kasuwarta ta yi sanyi, har aka daina ƙera Kinect na Xbox gaba ɗaya a 2017. Na fahimci dalili ba tare da an faɗa mini ba. Akwai ɗan jinkiri tsakanin motsinka da na allo, wanda a wasan kwalabe ba ya damun kowa, amma mai buga ƙwallon ƙafa na gaske a gem ba zai jure shi ba. Babban ɗana bayan sati uku ya fara tambayar ina maganar sabon hannu, kuma sai da na saya. Zaɓen abu a allo ma aiki ne: ka miƙa hannu ka riƙe shi a iska har da'ira ta cika, kafaɗa tana tsami. Tana da makirufo huɗu na karɓar umarni da baki, sai dai ba ta jin Hausa, shi ya sa ba mu damu da su ba.

Dabarar ɗigogin kuwa ba ta mutu ba. Wani kamfanin Isra'ila mai suna PrimeSense ne ya ƙirƙiro ta, Apple ya saye shi a 2013, kuma a 2017 iPhone X ta fito da buɗe waya da fuska, inda take watsa ɗigogi sama da 30,000 a fuskar mai ita. Wani abokin aikina yana yi mini fariya da tasa, na ce masa kakarta tana kan talabijin ɗina.

Jikinta baƙar roba ce mai sheƙi, irin wadda ƙurar hunturu ke so, kuma tana saurin karcewa. Ƙyalle mai laushi nake sawa in goge idanun, na kuma hana yara murɗa mata wuya da hannu saboda ɗan injin nan. In an gama wasa, maman yara tana rufe ta da wani tsohon ɗankwali. Ta ce don ƙura ne, amma na lura ko da damina ba ta fasa ba.