autofs a Linux: ya cancanci wahalar saita shi?

Hanyar da aka saba bi wajen ɗaura foldar NFS, wato foldar da ke kan wata saba ana amfani da ita ta hanyar sadarwa, ita ce a rubuta ta a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera abin da za a ɗaura idan kwamfuta ta tashi. Aibinta yana fitowa ne ranar da wuta ta ɗauke ta dawo, kwamfutocin ofis suka riga sabar tashi: systemd, mai kula da tashin kwamfutar, zai tsaya jira har daƙiƙa 90, ƙarshe kuma foldar ta zo wayam. Wannan ciwon ne autofs ke magancewa. Ba ya ɗaura komai sai an nemi shiga foldar, idan kuma aka daina amfani da ita sai ya sauke ta. A Debian da Ubuntu lokacin saukewar daƙiƙa 300 ne, sai dai idan an canza.

Saitin fayil biyu ne kacal. Bayan apt install autofs nfs-common, a ƙara wannan layi a /etc/auto.master:

/mnt/rumbu /etc/auto.rumbu --timeout=300

A cikin /etc/auto.rumbu kuma:

takardu -fstype=nfs4,rw 192.168.1.10:/srv/takardu

Sai systemctl restart autofs. Inda ya fi burgewa shi ne foldodin ma'aikata ko na ɗalibai. Layi ɗaya mai alamar * a farko da & a ƙarshe, wato sabar:/home/&, ya wadatar wa mutum ɗari biyu, kowa tasa foldar ce za ta ɗauru idan ya shiga. A fstab, in ana so a ɗaura foldar kowa daban, sai an yi wa kowa layinsa.

Amma yana da tarkuna. Na farko, ls /mnt/rumbu ba zai nuna komai ba, mutum ya ɗauka abin bai yi aiki ba, alhali sai an rubuta cikakken sunan foldar take bayyana. Ƙara --ghost a auto.master yana sa sunayen su fito. Na biyu ya fi ɓata lokaci: idan fayil ɗin taswirar, wato /etc/auto.rumbu, yana da izinin gudana, autofs zai ɗauke shi a matsayin manhaja, ya yi ƙoƙarin gudanar da shi. A mayar da izininsa 644. Kada kuma a ba shi foldar da ke da kaya a ciki, domin zai rufe su har sai an tsayar da shi. Ga masu foldodin da aka raba daga Windows ko Samba (manhajar raba folda irin ta Windows a Linux), ana buƙatar cifs-utils, adireshin kuma dole ya fara da ://sabar/folda, a ajiye kalmar sirri a fayil mai izinin 600.

Babban rauninsa shiru. Idan ya gaza, sau da yawa abin da za a gani kawai shi ne wai foldar ba ta nan. A tsayar da shi, a gudanar da automount -f -v, sannan zai nuna saƙon kuskuren da zai taimaka a gane ko tashar 2049 ta NFS ce a toshe ko sabar ce ta ƙi.

Abin da ba ya iyawa: idan sabar ta mutu ana tsakiyar rubutu, manhajar za ta daskare har sabar ta dawo, domin NFS haka yake a yanayin hard. Wasu na komawa soft, amma hakan na iya lalata fayil, bai kamata a sa shi a kan bayanan kuɗi ba.

Ga mai folda ɗaya ko biyu, x-systemd.automount tare da x-systemd.idle-timeout=300 a fstab ya isa. Ɗakin kwamfuta na makaranta ko ofis mai ma'aikata da yawa kuwa, autofs ne ya dace da shi.