Akwatin ƙarfe ko jaka mai taya ga yaron da zai shiga makarantar soja ta Prytanée

Hajiya, barka da arziki, Allah ya sa yaro ya shiga a sa'a ya fito a sa'a. Tsakanin akwatin ƙarfe da jaka mai taya da kike tambaya, ki saya masa akwatin ƙarfe, matsakaici, ƙirar hannu, kuma ki ware kuɗin kwaɗo mai kyau tun kafin ki fara ciniki.

Dalilina na farko shi ne tsawon zaman da kayan za su yi a hannunsa. Prytanée, makarantar kwana ta soja da ke Yamai, wadda aka buɗe a shekarar 1996, tana ɗaukar yaro ne daga ƙarshen firamare, ya shiga aji na farko na kwaleji, ya bi ta BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, har ya kai ga bakaloreya, wato shekara 7 idan bai maimaita aji ba. Ba ɗaya take da sansanin horo na Tondibiya ko makarantar ƙananan hafsoshi ta Agadas ba, inda ake karɓar samari da suka riga suka mallaki hankalin kansu. Naki yaro ne ƙarami wanda jiya-jiya ake wanke masa kaya, kuma duk abin da kika ba shi zai buɗe shi ya rufe shi safe da yamma, da gaggawa, sau da yawa ana ƙidaya masa lokaci. Abin da za a tambaya game da kowane mazubi shi ne ko zai jure wannan hannun na yaro shekara da shekaru, kuma a nan ƙarfe ya yi wa yadi da roba nisa.

Akwatin da na saya wa babban ɗana a kasuwar Katako yana nan a gidana har yau. Wani dattijon maƙeri ne ya ƙera shi, a ɓangaren da ake sare tsofaffin tano ana miƙe su da guduma, kuma na tuna bai bar ni na ɗauka ba sai da ya sa yaron ya hau kan murfin ya tsaya da ƙafa biyu, don in gani da idona cewa ba ya lotsawa. Da ya ji makarantar soja za a kai shi, sai ya ƙara masa ƙarfe biyu a ƙarƙashi don kada gindinsa ya riƙa taɓa ƙasa, ya kuma ƙi karɓar ko dala a kan wannan ƙarin, ya ce gudummawarsa ce ga sojan gobe. Akwatin nan ya sha hawa bayan mota, ya sha rana, ya zama kujera a ranar da ake goge takalma, ya zama tebur a daren da ake bitar jarrabawa. Fentinsa ya koɗe, kusurwa ɗaya ta ɗan lanƙwashe, amma murfin yana rufuwa daidai kamar ranar farko, kuma yanzu uwar yaran ce ta gaje shi tana ajiye zannuwanta na biki.

Jaka mai taya kuwa ba ta da nauyi kuma tana da kyan gani a tasha, iyakar abin da zan iya faɗa mata ke nan.

An yi tayoyinta ne don shimfiɗaɗɗen daɓen filin jirgi, ba don yashi da tsakuwar Yamai ba, kuma da zarar taya ɗaya ta karye sai ta koma kayan da ake ɗauka a ka, ba tare da ƙarfin akwati ba. Babban aibinta yana ga zif. Ƙurar hunturu, wadda ke sauko mana daga Disamba zuwa Fabrairu, tana shiga haƙoransa ta sa ya riƙa cijewa, yaro kuma ba ya lallashin zif, ja yake yi da ƙarfi har ya tsinke. Bayan haka akwai abin da iyaye da yawa ba su sani ba: zif irin na roba ana iya huda shi da bakin biro a buɗe jakar gaba ɗaya, a ja kan zif ɗin ya sake haɗewa, kwaɗon yana rataye a wurinsa kamar ba a taɓa ba. Ba ina zargin 'ya'yan kowa ba ne, amma duk inda yara da yawa suke kwana ɗaki guda, sanye da tufafi iri ɗaya, kaya sukan cakuɗe, kuma yaron da ya rasa safa ko ɗamara da safe shi ne zai amsa tambaya, ba wanda ya ara ba.

Akwai kuma maganar tsari, wadda a ganina ta fi maganar tsaro muhimmanci. A makarantar soja ana duba gado da kaya, kuma ana son a ga kowane abu a ninke a mazauninsa. Akwatin ƙarfe yana da bango a miƙe da kusurwa huɗu, saboda haka rigar da aka ninke aka jera za ta zauna yadda aka ajiye ta, kuma da an ɗaga murfi ana ganin komai a lokaci guda. Jaka cikinta laushi ne da shi, ga sandunan hannun ja da suka ratsa bayanta sun hana shimfiɗa ta daidaita, kuma duk lokacin da aka tsayar da ita kayan sai su zube gefe ɗaya. Yaron da ke da akwati yana koyon tsari ba tare da ya sani ba, domin mazubin da kansa yana nuna masa inda kowane abu zai zauna.

Ba zan ɓoye miki aibin ƙarfe ba, guda biyu ne. Na farko nauyi, shi ya sa na ce matsakaici. Iyaye mata musamman sukan so babban akwati don su cika shi da ƙauna, amma a can babu mai ɗaukar wa yaro kaya, kuma akwatin da ba zai iya ɗagawa tare da abokinsa ɗaya ba ya zame masa wahala. Na biyu tsatsa. Ana komawa makaranta ne a ƙarshen damina, lokacin da ƙasa ba ta gama bushewa ba, sannan daga Yuni ruwa ya sake dawowa, kuma ƙarfen da ke zaune kai tsaye a kan siminti mai danshi daga ƙasa yake fara ci. Maganin wannan ƙafafu ne ko guntun katako biyu a ƙarƙashi, da fentin hana tsatsa a ciki da waje, da shimfiɗa tsohon zane a gindinsa kafin a jera tufafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, kada a bar sabulu ko man shafawa a ciki ba tare da gwangwani mai murfi ba, domin za su narke su ɓata fararen kaya. Abinci kuwa kada ya shiga akwatin ko kaɗan. Kilishi da ƙuli-ƙuli da dabino su ne ke kiran tururuwa da kyankyaso, kuma kafin ki ɗaura masa ko ɗaya ki duba ko dokar makaranta ta yarda.

Yanzu bari in ja kunnenki game da masu sayarwa, ko da yake ba ki tambaya ba. Akwatunan da ake jerawa a bakin hanya masu sheƙin fenti, shuɗi da kore da zanen furanni, da yawansu an yi su ne da falle mai kaurin gwangwanin madara, an lulluɓe shi da fenti mai yawa don ya yi kama da na ƙwarai. Araha ba ta ado. Ki danna tsakiyar murfin da tafin hannu: idan ya lotsa ya dawo da ƙara, ki wuce. Ki juya shi ki duba gindinsa, domin a nan ake ɓoye faci da tsohuwar tsatsa. Ki shafa bakinsa da yatsa a hankali, ki tabbata an naɗe ƙarfen ciki, don baki mai kaifi yana yanka hannun yaro yana yaga tufafi. Ki duba ƙarfunan da murfin ke juyawa a kansu da wurin rataya kwaɗo, ki ga ko walda aka yi musu ko ƙusa mai kauri aka dasa, domin wasu da ɗan siririn ƙarfe suke maƙala su, wanda cokali ma zai iya ɓanɓarewa, kuma kwaɗo mai tsada a kan irin wannan mariƙi asarar kuɗi ce. Sannan ki sa hanci a ciki. Tanon da aka sare ya taɓa ɗaukar wani abu, kuma idan ba a ƙone shi an kankare shi sosai ba, warin mai ko na magani zai kama tufafin ya ƙi fita da wanki.

Ki kiyayi masu tare mutum tun daga bakin kasuwa suna cewa za su kai ki wurin mai kaya na gaske, domin ladansu a cikin kuɗinki yake. Ki shiga har inda ake jin ƙarar guduma ki yi magana da maƙerin da kansa. Haka kwaɗo: akwai masu arha da ake sayarwa a faranti, waɗanda mabuɗin ɗaya yake buɗe 'yan uwansa da dama. Ki sa mai kaya ya gwada mabuɗin wani a kan wanda kika zaɓa a gabanki, kuma ki ɗauki mai mabuɗi uku, ɗaya a wuyan yaro da igiya mai ƙarfi, ɗaya a wurinki, ɗaya a wurin wanda zai zama wakilinku a Yamai. Kwaɗo mai lambobi ban ba ki shawararsa ba, yaro yakan faɗa wa aboki lambar a makon farko.

Wata damfarar da ta fi wannan ciwo ita ce ta masu cewa sai kin sayi kakin soja da manyan takalma da hula a wurinsu kafin ranar shiga. Kada ki saya. Tufafin soja makaranta ce ke ba da su, kuma abin da ake nema daga iyaye yana cikin takardar da hukumar makarantar ke bayarwa. Wannan takarda ita ce alƙali a kan duk abin da na faɗa: idan ta ƙayyade girman akwati ko launinsa, ko ta hana wani abu, ki bi ta ki bar maganata. Duk wanda kuma ya kira ki a waya ya ce shi daga makaranta yake, a aika masa kuɗi don a gyara wa yaro wuri ko a sa masa ido, ki ce masa za ki zo ofis da kanki ki biya a ba ki takardar shaida. Yawanci daga nan ba ya sake kira.

Idan akwatin ya zo gida, kada ki cika shi da kanki a daren tafiya. In tun a gida kika sa aka ƙera shi, ki ba yaron shi tun da sauran makonni, ya kwashe kayansa daga ɗakinki ya koma rayuwa daga cikinsa: ya ninke, ya jera, ya kulle, ya riƙe mabuɗi, ya wanke kayansa da hannunsa ya shanya ya kwashe kafin magariba. A rubuta sunansa da fenti a murfi da gefe, a kuma ɗinka ko a rubuta alama a kowace riga da wando da safa da tawul. Ki koya masa ɗinke maɓalli, ki sa masa allura da zare baƙi da fari a ƙaramin gwangwani, tare da man takalmi da buroshi da tocila. Gidan sauro kada a manta da shi idan yana cikin takardar, domin lokacin shiga ya yi daidai da lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a ƙasar nan. Takalmin gudu kuma a saya da wuri, ya riƙa sa shi yana fita da sassafe bayan sallar asuba, don ƙafarsa ta saba da shi tun a gida. Sabon takalmi a makon farko na horo kumburi da ƙuraje yake kawowa, kuma yaron da ke ɗingishi ga kewar gida shi ne ya fi saurin karaya.

Game da inda za ki saya, tunda daga Tawa za ku taso, ni da na ce kada ki ɗauko akwati tun daga can. Hanyar ta fi kilomita 500, ta Ƙonni da Dogon Dutse da Dosso, kuma a ƙarƙashin bas ana ɗora wa kaya buhuna da duk abin da ya samu, ga kuɗin kaya da za a ƙara miki saboda girmansa. Ki ɗaure kayan yaron a jakar leda mai ƙarfi irin ta 'yan kasuwa, ku iso Yamai da kwana biyu ko uku a hannu, ku je Katako da safe kafin rana ta yi zafi, shi ma yaron a tafi da shi don a gwada ko zai iya ɗaga gefe ɗaya. Amma idan kina da maƙerin da kika yarda da shi a Tawa, wanda za ki iya komawa wurinsa idan aiki ya ɓaci, ba laifi ki ba shi, sai dai a naɗe akwatin da kwali da igiya kafin a loda shi, kuma a cire kwaɗon a riƙe a hannu don kada a karya mariƙinsa a hanya. Wanda za a ƙera sabo yana bukatar kwanaki kafin fenti ya bushe warinsa ya fita, saboda haka idan wannan kika zaɓa ki ba da aikin tun yanzu, ki biya rabi, sauran sai kin ga kaya.

Don hutun ƙarshen zango kuma, ƙaramar jakar goyo ta ishe shi zuwa gida da dawowa, ba sai an sayi mai taya ba.