Shagon turin fim na Ƙofar Ƙaura, inda ake samun faɗan Jaki Chan cikakke

Masu tura fina-finai a waya sun yi yawa a Katsina, kusan kowace kwana akwai mai kwamfuta da benci. Wanda zan yi magana a kai wani ɗan shago ne a wajajen Ƙofar Ƙaura, maƙale tsakanin mai cajin waya da mai gyaran babur, ko allon suna babu. Wani matashi ne ke riƙe da shi, ƙanensa na taya shi da yamma. Naira 100 yake karɓa a fim ɗaya, in ka haɗa da yawa ya yi maka ragi. Yana da sola, ɗaukewar wuta ba ta tsai da aiki, kuma akwai talabijin a bango da yake kunna maka fim ka ga kyan hoton kafin ka biya. Wannan kaɗai ya raba shi da abokan sana'arsa da dama, masu tura maka abin da sai ka isa gida ka tarar hoto ya dushe, murya ta riga baki.

Abin da ya ɗaure ni da shagon shi ne tsofaffin fina-finan Chanis na faɗa da ban dariya, irin waɗanda muka taso da su a gidajen kallo zamanin kaset. Ya ware masu wuri nasu, bai cakuɗa su da na Indiya ko na Amurka ba, kuma ba ya yanke masu wutsiya. Masu turi da yawa na datse ƙarshen fim inda sunaye ke hawa, wai don kada ya cinye memori. To a fim ɗin Jaki Chan nan ne ake nuna inda aiki ya ɓaci wajen ɗauka: ya yi tsalle ya kuskure, ya faɗi, jini na zuba, mutanensa sun rugo sun ɗauke shi. Wanda bai ga wannan ba bai san kuɗin da aka biya da jiki kafin a ba shi dariya ba. Na gaya wa mai shagon haka, sai ya ce, "Baba, ai ku kaɗai ke tambayar wannan. Yara yanzu Marvel suke so."

Gaskiyarsa. 'Ya'yana ma haka suke, kuma a kan bencin nan nasa muka sha tafka muhawara da samarin unguwa. Su hujjarsu ita ce faɗan jaruman Marvel, kamfanin fina-finan nan na Amurka, ya fi girma: ana rusa benaye, ana jifa da mota, mutum na tashi sama. Ni kuma abin da nake nema a faɗa shi ne in ga an ji zafi. Jaki Chan in ya naushi ƙato, shi ne zai koma yana yarfe hannu. In an yi mashi taron dangi, gudu yake yi, ya haye katanga, ya kare kansa da kujera, da tsani, da bokiti, da duk abin da hannunsa ya kai. Tsoro na fuskarsa. Dariyar daga nan take fitowa, domin kana ganin mutum ne irinka da ya shiga uku yana neman mafita. Shi kuwa jarumin da aka maka da gini ya tashi ya kakkaɓe ƙura, me zai sa gabanka ya faɗi saboda shi? Ka riga ka san ba abin da zai same shi sai lokacin da marubuci ya ga dama.

Bambancin ya faro tun daga yadda ake ɗauka. Jaki Chan, haifaffen Hong Kong a 1954, tun yana yaro aka kai shi makarantar wasan gargajiyar Sin, inda ya shekara wajen goma yana koyon alkafura da tsalle tare da Sammo Hung da Yuen Biao. Tun da jikin ya iya, kyamara ba ta da abin ɓoyewa. Sai a ja ta baya, a nuna mutum daga kai har ƙafa, a bar naushi ya tashi ya sauka ba tare da an yanke hoton ba. A Police Story na 1985 ya daka tsalle ya kama wani dogon ƙarfe mai zagaye da ƙwayayen lantarki a cikin katafaren kanti, ya sulalo har ƙasa, tafin hannuwansa suka ƙone, kuma sau 3 aka maimaita wurin a cikin fim ɗin ta kusurwa dabam-dabam. Wajen ɗaukar Armour of God a Yugoslabiya reshe ya karye da shi, kansa ya bugi dutse, sai da aka yi mashi aiki a ƙoƙon kai. A fina-finan jarumai masu tashi sama kuwa, galibi gaban koren ƙyalle ake tsayawa, a rataye ɗan wasa da igiya, sauran aikin kwamfuta ta ƙarasa. Inda ɗan wasa bai iya faɗa ba sai a yi ta yanka hoton gutsi-gutsi ana girgiza kyamara, ka ji ƙara amma ba ka ga wanda ya bugi wani ba.

Ba na cewa faɗan Chanis gaskiya ne tsantsa. Su ma suna amfani da igiya, suna ƙara wa hoto sauri, suna barbaɗa hoda a takalmi don ƙura ta tashi in duka ya sauka. Kuma yaran bos su goma su kewaye mutum ɗaya suna shiga ɗaya bayan ɗaya, wannan a fim kawai ake yinsa. Duk wanda ya taɓa zama gidan dambe ya san faɗan gaske ba ya daɗewa: a yi ta auna juna, hannu ɗaya ya shiga, mutum ya kai ƙasa, an yi kisa, turmi ya ƙare. Amma abin da ke sa 'yan kallo miƙewa a gidan dambe shi ne sun san jikin mutum ne a fili, kuma wannan ne tsofaffin fina-finan nan suka riƙe.

A nan mai shagon ya burge ni, don bai tsaya yi mani musu ba. Cewa ya yi, "Baba, bari in nuna maka wani wuri, in bai yi maka ba kada ka biya." Ya kunna mani Shang-Chi, wani fim ɗin Marvel na 2021, wurin da ake faɗa cikin motar bas. Na kalla har ƙarshe ban ƙifta ba. Jarumin na amfani da rigarsa da ƙarafan riƙewa na motar, ana ganin kowane motsi. Ba banza ba: Brad Allan, ɗan Ostareliya da ya daɗe cikin tawagar Jaki Chan, na cikin manyan waɗanda suka tsara faɗan fim ɗin, ya kuma rasu a 2021 ɗin, kafin a fara nuna shi. Sai dai fim ɗin na kaiwa ƙarshe ya koma gidan jiya, dodanni da walƙiya, kwamfuta ta ƙwace aikin daga hannun mutane. Na biya kuɗina saboda bas ɗin nan.

Shagon yana da nasa aibin. In ka ce mashi memorinka ya kusa cika, yakan matse fim ya rage mashi nauyi ba tare da ya gaya maka abin da za ka rasa ba. Tsofaffin fina-finan Chanis na jure wannan, tun da yawancinsu cikin haske aka ɗauka, amma na Marvel da ake gwabza babban faɗa cikin duhu sai su dagule, ba ka bambance jarumi da bos. Gara ka zo da filas mai faɗi ka ce a tura maka babba. Na biyu, wasu fina-finan masu fassarar Hausa kawai yake da su, kuma mai fassarar ba ya yin shiru lokacin faɗa, yana ta zuba zance a kan ƙarar duka, alhali faɗan Jaki Chan da kiɗansa yake tafiya, kowane bugu da lokacinsa. Ka tambayi na asali, sau da yawa akwai. Abin da ya fi damuna shi ne yara ƙanana da ke cika ƙofar bayan la'asar suna leƙen talabijin, ba kuma kowane fim ne ya dace da idonsu ba. Na yi mashi magana, ya ce zai riƙa lura.

Mai son a nutse a zaɓa mashi, ya je da hantsi kafin 'yan makaranta su taso. Yana rufewa lokacin kowace salla, ranar Juma'a kuma sai an sauko daga masallaci yake buɗewa.