Kafin gundumar ilimi ta kashe kuɗi a kan gyara lissafin ɗalibai

Da zarar an ware wa hukumar ilimi ta gunduma kuɗin gyara lissafi, masu talla ba sa jiran gayyata. Wannan ya zo da kwamfutoci, wancan da sababbin littattafai, wani da kwas na horar da malamai. Kafin a sa hannu a kowace takarda, a shiga aji biyar a ce wa yaro ya cire 17 daga 52. Idan ya rubuta 45, bai san aro ba: ya cire 1 daga 5, sannan ya juya ya cire 2 daga 7. Domin irin wannan yaron ake sayayyar, kuma da shi nake auna kowace haja.

Kwamfuta ta fi ɗaukar ido, ita ce kuma ta fi saurin cinye kasafi. A Peru an raba wa yaran firamare na karkara kwamfutoci ƙarƙashin shirin One Laptop per Child, wato kowane yaro da kwamfutarsa, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga makin lissafi ya tashi ba. A Delhi kuwa, manhajar Mindspark ta ɗaga makin yara sosai cikin wata huɗu da rabi. Sirrinta shi ne tana fara gwada yaro, ta ba shi aiki daidai inda ya tsaya, ko da ya gaza ajinsa da shekara biyu ko uku, kuma akwai mai koyarwa a tare da yaran. Don haka a tambayi mai talla: manhajarka tana sauka inda yaro yake? Wa zai zauna da yaran? Nawa ne sabunta lasisi duk shekara, kuma gyara a wuyan wa yake?

Littafi ma haka. Wani bincike a Kenya da aka wallafa a 2009 ya nuna ƙarin littattafai ya amfani yaran da dama can suna kan gaba ne kawai, domin sauran ba sa iya karanta su. Ina son tsarin Singafo, inda yaro ke fara ƙirga abin da yake taɓawa, ya koma zane, sannan ya shiga lambobi. Sai dai malamin da bai taɓa koyarwa haka ba, taron bita na kwana ɗaya ba zai canja shi ba. Idan za a sayi littafin, a haɗa da kuɗin ƙwararren da zai riƙa shiga aji yana kallon darasi yana gyara.

Rage cunkoson aji yana aiki. Gwajin da aka fara a jihar Tennessee ta Amurka a 1985, da ɗalibai 13 zuwa 17 a aji, ya nuna haka a ƙananan azuzuwa. Amma yana da tsada ƙwarai, kuma da jihar Kalifoniya ta yi shi gaba ɗaya a 1996, sai da ta ɗauki dubban malaman da ba su da cikakkiyar shaidar koyarwa.

Da ni ke riƙe da alƙalamin, kaso mafi tsoka zai tafi koyarwa a ƙananan rukunoni. A birnin Chicago na Amurka an gwada mai koyarwa ɗaya da ɗalibai biyu na sakandare, kullum, a cikin jadawalin makaranta ba bayan an tashi ba, makin lissafinsu kuwa ya tashi ƙwarai. Gundumar da ba ta da ƙarfin hakan tana da mafita mai sauƙi a tsarin ƙungiyar Pratham ta Indiya, wanda gwamnatin Zambiya ma ta ɗauka: a yi wa yara gajeren gwaji ɗaya bayan ɗaya, a raba su bisa abin da suka iya maimakon shekarunsu, a ware musu lokaci kullum, wanda ya ƙware a ɗaga shi gaba. Wahalarsa ita ce shawo kan shugabannin makarantu su taɓa jadawali, da malaman da ke tsoron kada su kasa gama manhajar zango.

Duk wanda aka zaɓa, kada a saya wa gunduma gaba ɗaya a karon farko. A gwada a 'yan makarantu na zango biyu, a kwatanta da makarantu irinsu da ba a ba su ba, kuma jarrabawar aunawa ta fito daga hannun hukuma, ba daga hannun mai sayarwa ba.